Kwamfutar da Injiniya Ya Kawo Mana

Asabar, da hantsi

Injiniya ya zo gaisuwa. Mijin Auta ke nan, 'yata ta ƙarshe, kodayake tun safiyar da ta shigo gidan nan da jikata Takwara a bayanta ba ta sake taka ƙofarsa ba. Abin da na gani a jikinta ranar ba zan rubuta shi ba. Na tsufa ina wanke ciwon mutane a asibiti, ban taɓa kau da ido daga rauni ba sai ranar.

Ya durƙusa har ƙasa kamar kullum, ya kawo wa Maigida lemo da ayaba. Bai tambayi inda take ba. Da zai tashi sai ya ce, "Umma, a gaishe min da Gwaggo. Na ji ɗakin da ta ba su yana yoyo, kar sanyi ya kama yarinyar."

Daga ni sai Maigida muka san Auta tana ɓoye wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Zancen yoyon kuwa ko Maigida bai sani ba. Auta ce ta rubuto mini shi, na karanta ni kaɗai a kwamfutar falo, na ba ta amsa ta sa bokiti.

Na ce masa, "Za ta ji." Har da murmushina. Yana fita na shiga banɗaki na yi amai.

Asabar, da yamma

Na ari wayar maƙwabciya na kira. Wata ƙawar Auta ta makaranta ta je ta kwashe su daga wajen Gwaggo. Ta yi sabon gida, ni ma ban san unguwar ba tukuna, sai lambarta da na haddace. Muddin bai san gidan ba, Auta da Takwara suna lafiya. Wannan kaɗai nake roƙo.

Lahadi, da rana

Na lulluɓe kwamfutar da zanen teburi. Maigida ya ce ko sanyi take ji.

Lahadi, da yamma

Injiniya ne ya kawo mana ita. Lokacin da aka haifi Takwara, jikata da aka sa wa sunana, ya shigo da kwali a kafaɗa ya ce ga abin da za mu riƙa ganinta da shi ko ba mu je ba. Shi ya haɗa wayoyin, shi ya buɗe mini imel, shi ya zaɓa mini kalmar sirri don na ce ba zan iya riƙewa ba. Na sa masa albarka ranar har bakina ya gaji.

Kuma ba kwamfuta kaɗai ba. A dangin nan in rediyo ya yi tari, Injiniya. In talabijin ta ɗauke, Injiniya. Maigida ko batirin agogo zai canza sai ya buga masa waya tukuna. Mun mayar da shi likitan duk abin da ake jona wa wuta, muna ta alfahari da shi a gaban mutane.

Na gaya wa Maigida zargin da nake yi, cewa ta kwamfutar nan Injiniya yake ganin sirrinmu. Ya yi dariya ya ce, "Likita, kwamfuta ce fa, ba aljana ba. Gwaggonku ce ba ta iya riƙe magana." Haka yake kirana, Likita, alhali ya san ni ma'aikaciyar jinya ce, tsokana ce kawai tun muna da ƙuruciya. Yau ban ji daɗinta ba.

Bai san abin da na gani ba. Auta ta riƙe hannuna ta ce, "Umma, don Allah kar Baba ya sani." Shi a ganinsa saɓani ne irin na miji da mata, an yi yaji, za a sasanta.

Litinin, da rana, a asibiti

Na kai jinin wata mai ciki ɗakin gwaji, na tsaya ina ta jujjuya kwalbar har Mai Gwaji ta ce, "Sista, lafiya? Ajiye mana kafin ki kaɗa shi ya zama man shanu." Ita ce mai kula da ɗakin, mace mai ƙaramin jiki da babbar murya, kuma duk asibitin ita ake kira in kwamfuta ta ƙi.

Na tura ƙofa na tambaye ta ko mutum zai iya ganin abin da ake rubutawa a kwamfutar wani daga nesa. Ban faɗi ko wane ne ba. Ta dube ni ta ƙasan tabarau, ba ta tambaya ba, Allah ya saka mata.

Ta ce ana iyawa sosai. Akwai manhajar leƙen asiri, wato wani ɗan abu da ake dasawa a ciki ba ya nuna kansa, yana kwashe duk abin da aka rubuta, wani ma har murya da hoto, yana aika wa wanda ya dasa shi. Na ce maganinsa fa? Ta ce akwai manhajojin da ke farauto shi su cire, wasu na kuɗi, wasu kyauta, kuma a cikin na kyautar akwai masu kyau ƙwarai. Sai ta ɗaga yatsa. "Amma ki yi hankali, Sista. Akwai na jabu. Yana zuwa da sunan magani, alhali shi ne cutar."

Na ce wannan kam na sani, kullum faɗan da nake yi da masu sayen ƙwaya a bakin titi ke nan.

Litinin, da yamma

Na yanki filasta na manne idon kyamarar. Na ji sauƙi kaɗan, ban san dalili ba.

Talata, da yamma

Na yi wauta. Na ɗage zanen na kunna ta, na rubuta ina neman manhajar cire leƙen asiri ta kyauta. Wai in gani da idona.

Sun fito kamar kasuwa. Kowace tana cewa ita ce ta ɗaya a duniya, kowace da taurarinta biyar da hoton mutane suna dariya. Wata mai garkuwa, wata mai hoton kare, wata mai kwaɗo. Ina cikin karantawa sai allon ya yi ja gaba ɗaya, wani abu ya hau ƙara yana cewa kwamfutata ta kamu, in latsa nan yanzu-yanzu. Hannuna har ya kai. Sai na tuna yatsan Mai Gwaji, na miƙe na fizge wayar daga bango.

Ina tsaye da wayar a hannu sannan abin ya faɗo mini: idan yana ganin abin da nake rubutawa, to ya ga wannan ma.

Laraba, da safe

Ya gani.

Maigida yana shan shayi wayarsa ta yi ƙara, ya nisantar da ita daga fuskarsa ya karanto mini da fara'a: "Baba, in kwamfutar tana ba ku matsala ku gaya mini in zo in duba." Ya ce, "Kin gani? Yaron nan akwai kula."

Na ce, "Wa ya gaya masa tana ba mu matsala?"

Ya ce ai kwamfuta kullum cikin matsala take, ba sai an gaya wa mutum ba.

Laraba, da rana

Mai Gwaji ta ce kar in ƙara neman komai a ta gida. Ta ja mini kujera gaban tata, tsakanin na'urar juya jini da firijin allurai, muka duba tare. Ta koya mini: wanda ya faɗo maka da kansa yana ihu, guje shi. A sauko da manhaja daga shafin masu yin ta, ba daga saƙon da wani ya turo ba. A karanta abin da waɗanda ba su da riba a ciki suka ce. Kusan dai yadda nake duba kwalin magani, in ga kamfani, in ga hatimi, in ga ranar lalacewa.

Mun rage su zuwa uku. Mai garkuwar tana gadi kullum amma an ce tana nauyaya tsohuwar kwamfuta. Mai karen ba ta gadi, sai ka tashe ta ta yi bincike, amma an ce hancinta na da kyau a kan irin wannan abin. Ta ukun tana yawan roƙon a sayi babbar yayarta ta kuɗi. Ni hankalina ya fi kwanciya da mai karen.

Mai Gwaji ta ce za ta sauko da ita a nan, ta zo gidan da kanta ta saka. Sannan ta rage murya ta ce, "Ko an cire, Sista, wanda ya dasa zai gane an cire. Ki tabbata wadda kike karewa tana inda hannunsa ba ya kaiwa."

Ban ce mata mace ce ba. Ita ta ce wadda.

Alhamis, da safe

Mahaifiyar Mai Gwaji ta faɗi a ƙauyensu. Ta tafi tun da sassafe, ba a san ranar dawowarta ba.

Alhamis, da yamma

Na bi ta layin masu gyara a kasuwa bayan na tashi aiki. Rumfuna ne a jere, kowace da kwamfutoci a buɗe kamar an yi musu tiyata an manta ba a ɗinke ba. Na zaɓi wani dattijo mai natsuwa a can ƙarshe. Ban gama sallama ba ya miƙe tsaye yana washe baki: "A'a, surukar Injiniya! Umma, ku zauna. Ai duk layin nan shi ke kawo mana kaya."

Na ce batirin tocila nake nema. Ya aika aka sayo mini, ya ƙi karɓar ko sisi. Ba mu da tocila a gidan nan.

Juma'a, da rana

Ba labari. An ce rashin labari ma alheri ne, ni dai ban ji alherin ba.

Asabar, da yamma

Ina jin mota ta rage gudu a layinmu sai in ruga taga. Na ƙona tukunya. Na zuba wa Maigida gishiri a shayi, ya shanye bai ce komai ba, wannan ya fi ba ni haushi.

Kewar Takwara ta ishe ni. Takalminta ɗaya yana ƙarƙashin kujera tun ranar, na share falon na zagaye shi.

Na yi wa Maigida bayanin manhajojin nan uku, don dai in yi magana da wani. Ya saurara har ƙarshe, abin da ba halinsa ba. Ya ce, "Likita, kin rame. To ki saka ɗaya mana a huta." Na ce ban iya ba, kuma ina tsoron in latsa na jabu, sai Mai Gwaji ta dawo. Ya ce yaushe? Na ce Allah masani. Ya daɗe yana kallona.

Litinin, da yamma

Na dawo aiki na tarar da zanen teburin a ninke, kwamfutar a kunne, Maigida a gabanta da tabarau a kan hanci kamar wani shugaban banki. Mutumin da bai san inda ake kashe ta ba.

Ya ce, "Zo ki ga aiki." Ya saka manhaja, wata mai hoton koren ganye, ba ta cikin ukun nan. Na ce daga ina? Ya ce wani tsohon abokin aikinsa ne ya san harkar, shi ya yi masa kwatance ta waya. Na fara faɗa, ya ce in tsaya in gani tukuna.

Ya latsa. Wani layi ya riƙa tafiya a hankali, sai ga jan rubutu: ta kama abubuwa, har da ɗaya da ta kira mai leƙen asiri. Wani sanyi ya ratsa ni, don ashe ba hauka nake yi ba. Ya sake latsawa, ta share su, allon ya koma kore, ta ce kwamfutar ta tsarkaka.

Na ce, "Ka gani ko? Ka ce Gwaggo ce." Ya ce to ya gani, amma irin waɗannan abubuwan a iska ake kwasarsu, ba sai wani ya dasa ba. Ban ja da shi ba. Na dafa masa abin da yake so.

Na san ba daga shafin masu ita aka sauko da ita ba. Na san ban duba hatimi ba. Na yarda ne saboda na gaji, kuma ina so in yarda.

Talata, da safe

Na yi barci. Na manta yadda yake da daɗi.

Laraba, da rana

Ƙawar Auta ta kira wayar ɗakin jinya ta ce Takwara na zazzaɓi, kuma wasu ƙuraje sun feso mata a wuya da ƙirji. Suna tsoron kai ta asibiti kar a gan su. Na yi ta tambaya, jajaye ne, masu ruwa ne, in an danna suna ɓacewa? Ta ce ita dai ƙuraje take gani. Ƙurji ba a jin sa ta waya, sai an gani.

Laraba, da yamma

Na ɓare filastar na kira su ta bidiyo.

Na ga 'yata. Ta yi baƙi ta rame, amma ta yi mini dariya. Takwara ta manna hancinta a allon tana cewa in fito daga ciki. Na sa aka ɗaga rigarta, aka kai ta bakin taga, hoton yana rawa, ban iya tantancewa ba. Ba su yi mini kama da masu haɗari ba, amma ban yarda da idon kyamara ba.

Auta ta ce, "Umma, ki zo mana ki duba ta. Ni ma ina son ganinki." Na ce kwamfutar an wanke ta, ta faɗa mini hanya. Ta faɗa tiryan-tiryan, motar da zan hau, inda zan sauka, kwanar da zan bi, launin ƙofar. Na maimaita mata da bakina don kar in manta.

Gobe in na tashi aiki zan je. Na haɗa jaka, na sa takalmin a ciki.

Alhamis, da safe

Dole in rubuta wannan.

Maigida ya ga ina ta walwala, har ina waƙa a kicin. Ya ce, "To yanzu da hankalinki ya kwanta, bari in gaya miki gaskiya, ki daina zargin bawan Allah." Ba wani tsohon abokin aiki. Injiniya ya kira. Wai bai gaya masa komai ba, cewa kawai ya yi kwamfutar tana nauyi, wace ta kyauta ce mai kyau. Injiniya ya turo masa saƙo, ya zauna da shi a waya yana cewa latsa nan, Baba, yanzu latsa can, har aka gama.

Na ce, "Shi ka tambaya?"

Ya ce, "To wa zan tambaya? Duk gidan nan wa muke tambaya? Kuma ki yi tunani, Likita, da shi ya dasa abin, zai ba ni abin cire shi?"

Yana murmushi yake faɗa. Ya ɗauka kyauta ya yi mini.

Ban yi ihu ba. Na zauna na gaya masa abin da na gani a jikin 'yarsa, tun daga wuya har ƙasa, da irin kalmomin da nake rubuta rahoto a asibiti. Na karya alkawarin Auta. Kofin shayi yana hannunsa har na gama, bai ajiye ba, bai sha ba.

Alhamis, da hantsi

Wayar maƙwabciya. Lambar ƙawar tana shiga ba a ɗauka. Tana wajen aiki, wayar na jaka. Na sake kira. Na sake.

Ba zan je ba. In na je, wataƙila ni zan kai shi. In ban je ba, ai ya riga ya ji hanya, da muryata ma, na maimaita masa.

Alhamis, da rana

Ta ɗauka.

Juma'a, da yamma

Ƙawar ta aiko da saƙo ta wajen maƙwabciya. Sun fita ta ƙofar baya da rana tsaka, da jaka ɗaya. Kafin rana ta faɗi wata mota ta tsaya a ƙofar gidan, wani mutum mai ladabi ya yi sallama, ya ce ya zo duba 'yarsa da ba ta da lafiya. Har da ledar magani a hannunsa.

Maigida bai fito daga ɗaki ba tun jiya. Na kai masa abinci na dawo da shi. Ɗazu na ji yana kiran lambar wani yana kashewa kafin ta shiga. Ban da ƙarfin lallashinsa, ban kuma da ƙarfin yi masa faɗa. Kwamfutar tana nan a falo, allonta kore, tana cewa komai lafiya.

Jiya ban iya rubuta yadda muka ƙare da Auta ba. Ƙawar ta bar aikinta ta ruga gida ta ba ta wayar. Na ce ta ɗauki yarinyar su fita yanzu, ba anjima ba. Na ce duk inda suka sauka ta kai ta asibiti a duba ƙurajen, ta yawaita ba ta ruwa, in wuyanta ya sanƙare ko ta ƙi farkawa kar ta jira gari ya waye. Tana ta cewa to, Umma, to. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba.

Sai ta ce, "Akwai wata da za ta karɓe mu, tana can wajen..."

Na ce, "Kar ki gaya mini."

Ina jin Takwara a bayanta tana tambaya ko ni ce, a ba ta.

"Umma, ko garin?"

Na ce ko garin. Na ce kar ta ba ni lamba, kar ta rubuto, kar ta aiko kowa gidan nan, sai ranar da ta ga ta tsira da gaske. Ta ce to yaya zan san suna lafiya? Na ce ba zan sani ba.

Ta ce ga Takwara. Na ce a'a, ku tafi, na kashe wayar na miƙa wa maƙwabciya abarta.